Yada Zango a Dongola: Ranar Hutun Matafiya a Kan Keke

Shirin na yau zai duba wani ɓangare na doguwar tafiya a kan keke wanda ba a cika kula da shi ba, wato ranar da matafiyi yake jingine kekensa a wani ƙaramin gari ya wuni bai taka feda ba, kuma za a ɗauki misali daga garin Dongola da ke arewacin Sudan.

Tun daga shekarar 2003 ake shirya wata tafiya mai suna Tour d'Afrique, wadda wani mutumin Kanada, Henry Gold, ya ƙirƙiro, inda a asali ayarin mahaya keke kan tashi daga Alƙahira cikin watan Janairu ya nufi Cape Town a Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 12,000 da ke cin kimanin wata 4. A ranakun tafiya mahayi yakan yi kilomita 120 ko fiye, sannan bayan 'yan kwanaki a jere a ba shi yini guda ko biyu na hutu. A shekarun da ayarin ke ratsa Sudan, mahayan kan shiga ƙasar ta Wadi Halfa, su bi gefen kogin Nilu kimanin kilomita 400 cikin hamadar Nubiya, iskar arewa ta lokacin sanyi tana tura su ta baya, har su iso Dongola, garin dabino da ke gaɓar yamma ta kogin. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya yanke wannan hanya, saboda haka bayanin da zai biyo baya na zamanin zaman lafiya ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin fataken da suka yi safarar goro tsakanin Kano da Gwanja sun san cewa madugu, wato shugaban ayari, ba ya kora jakuna kullum ba fashi, sai ya yada zango inda akwai ruwa da kasuwa domin a gyara mangala, a duba gyambon bayan dabba, a sayi guzuri. Abin da ya sauya shi ne, a tafiyar keke mutum shi ne madugun kuma shi ne dabbar da ke jan kayan, don haka jikinsa ne farkon abin da ake yi wa gyara.

Jikin ɗan Adam yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin, kuma shi ne makamashin da ƙafafu ke ƙonawa idan aiki ya yi tsanani. Ajiyar ba ta da yawa, kimanin rabin kilo ce, kuma idan ta yi ƙasa sosai takan ɗauki kusan awa 24 kafin ta cika, muddin ana cin abinci mai sitaci kamar burodi, shinkafa da dabino. Ban da haka, zaruruwan tsoka sukan sami ƙananan tsagewa waɗanda ido ba ya gani, kuma a lokacin barci da hutu ne jiki yake ɗinke su har su fi da ƙarfi. Wannan ne ya sa masana motsa jiki suke cewa wahala ba ta ƙara wa mutum ƙarfi sai ya huta bayanta, kuma mahayin da ya raina hutu yakan tarar da gaskiyar karin maganar nan, sauri ya haifi nawa. A Dongola abincin da ke cike wannan giɓi shi ne ful, wato wani babban wake da ake dafawa ya yi laushi, a dama shi da man riɗi da albasa a ci da burodi, sai shayi mai sukari da mata ke sayarwa a bakin titi. Ruwa kuwa, al'adar mutanen yankin ce su jera randuna a inuwa domin duk mai wucewa ya sha kyauta, ko da yake baƙon da cikinsa bai saba ba yakan tace ruwan ko ya tafasa shi, domin gudawa ta fi gajiya saurin kwantar da mahayi.

Akwai kuma wata lalura da matafiya ba su cika son ambata ba, alhali ita ce take tilasta wa wasu barin keke su hau motar rakiya, wato ƙurajen da gogayya da zufa ke haifarwa a inda jiki ke zama a kan sirdi. Maganinsu tsabta ne da iska, shi ya sa wanki yake cikin manyan ayyukan ranar, har masaukin ya cika da wanduna da riguna a kan igiya.

Bayan jiki sai keke. Rairayin hamada idan ya haɗu da mai a kan sarƙa yakan zama kamar zarto yana cin ƙarfe, saboda haka ake wanke sarƙar, a shanya ta, a sa sabon mai kaɗan, a ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, a duba birki, a kuma tsince ƙayoyin da suka maƙale a taya kafin su kai ga huda. Mai faci na gari yana da amfani a nan, sai dai kayan gyaran kekunan zamani masu giya da yawa ba su cika samuwa a ƙananan kasuwanni ba, don haka matafiyi mai hankali yakan riƙo nasa tun daga gida. Idan kuma hutun ya faɗo ranar Juma'a, wajibi ne a yi sayayya da wuri ko a jira sai an sauko daga masallaci.

Wani abin lura shi ne, hutu ba ya nufin kwanciya tun safe har dare. A tseren Tour de France, wanda aka fara a 1903 kuma a yau yake da zango 21 da ranakun hutu 2 a mafi yawan shekaru, 'yan tseren kan hau keke su yi awa ɗaya ko biyu a hankali a ranar hutun, domin ƙafar da ta wuni a miƙe takan wayi gari da nauyi. Ga matafiyi na yau da kullum, tattaki zuwa kasuwar dabino ko bakin kogi ya wadatar, kuma a wannan tattakin ne kawai yake ganin garin da idon basira, tun da sauran garuruwan da ya ratsa bai san su ba sai ta inda ya tsaya ya cika gorar ruwa. Wanda ya samu mota da lokaci yakan kai ziyara kufan Tsohuwar Dongola, kimanin kilomita 80 ta kudu, inda a da aka yi babban birnin masarautar Makuriya ta Kiristocin Nubiya, ko da yake ziyarar takan cinye yinin da aka ware wa ƙafafu.

Kafin magariba akan ɗaure kaya, a ba tayoyi iska, a cika gorunan ruwa, a kwanta da wuri, domin ayarin yakan tashi da sanyin asuba ya nufi Khartum, wadda ke da nisan kimanin kilomita 500, kuma mafi yawan hanyar ta rabu da kogin ta yanki hamada.