MASU HASASHEN HOKIN ƘANƘARA DA DUKIYAR MATASANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maudu'inmu na yau shi ne wata caca da ta iske matasanmu har cikin wayoyinsu, wato caca a kan wasan hoki na kan ƙanƙara, da kuma masu tallar hasashen wanda zai ci.

Wannan wasa ne na ƙasashen sanyi. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montiriyal na Kanada a 1917, take da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 wadda ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, a 2021 kuma Kanada ta halatta caca a kan wasa ɗaya tilo. Daga nan kasuwar 'yan hasashe ta buɗe, har yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin firiji yana zuba kuɗinsa a kai.

To, me mai hasashen ya sani? A kakar 2022-23 ƙungiyar Boston Bruins ta ci wasa 65 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Amma a zagayen farko na neman kofi Florida Panthers ta fitar da ita. A 2019 ma Tampa Bay Lightning, bayan ta ci wasa 62, ta sha kashi sau huɗu a jere a hannun Columbus Blue Jackets, ta fita. Dalili kuwa shi ne wasa ne mai ƙarancin ci: ɗan faifan roba ya goce a ƙafar wani, ko mai tsaron gida ya tashi da sa'a, sai lissafi ya rushe.

Wanda lissafinsa ba ya rushewa shi ne kamfanin caca. Mu ɗauka mutum biyu kowa ya zuba naira 110 domin ya ci 100, wannan a ƙungiya ɗaya, wancan a ɗayar. An tara 220, an bai wa wanda ya ci 210, kamfani ya riƙe 10 ko wa ya ci. A kan wannan farashi, sai mutum ya dace fiye da sau 52 cikin 100 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai. Da hasashen yana azurtawa, da mai shi bai sayar mana ba.

Su kansu masu wasan sun san illar abin. A 1948 NHL ta kori Billy Taylor da Don Gallinger saboda caca, a 2023 ta dakatar da Shane Pinto na Ottawa Senators wasa 41. A 2024 lardin Ontariyo ya hana sanya 'yan wasa a tallar cacar intanet, don kare yara.

Mu kuwa hukuncin ya riga ya zo mana a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda aka haɗa caca da giya wajen haramci, aka bayyana cewa suna haddasa gaba, suna kange mutum daga ambaton Allah da salla. Kiranta "nazari" ko "hasashe" bai sauya ta ba, kuma mai sayar da hasashen mataimaki ne a kan saɓo.

Saboda haka muna kira ga iyaye su binciki inda kuɗin 'ya'yansu ke tafiya, limamai su yi bayani a masallatai. Wanda ya faɗa ciki kuma mu ja shi a jiki da nasiha, kada mu tozarta shi, ya tuba ya goge manhajar daga wayarsa yau ɗin nan.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.