Matan da Ke Riƙe da Majami'a



A cikin shekarar 1963, a wani ɗan gari mai suna Nisia Floresta da ke arewa maso gabashin ƙasar Birazil, aka rasa fada, watau limamin Katolika, wanda zai zauna ya kula da majami'ar garin. Sai bishop na wannan yanki, Eugenio Sales, ya danƙa al'amuran majami'ar a hannun waɗansu sistoci. Su ke jagorancin addu'a, su ke koyar da yara, su ke ziyarar majiyyata. Fada kuwa sai dai ya zo lokaci lokaci don yin Hadaya Mai Tsarki da sauraron masu furta zunubi, domin waɗannan ayyuka nasa ne shi kaɗai.

Abin da aka soma don larura, a hankali ya sami gindin zama. Dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983 sun yarda cewa inda aka yi ƙarancin fadoci, bishop yana iya ba wanda ba fada ba hannu a kula da majami'a, muddin akwai fada da ke sa ido. A ƙauyukan dajin Amazon, inda akan yi watanni ba a ga fada ba, sau da yawa mata ne ke yi wa jarirai baftisma, su kuma yi addu'ar jana'iza. A arewacin Nijeriya ma, wanda ya san Zumuntar Mata Katolika ya san irin nauyin da ke wuyansu.

To, amma ɗaukar nauyi daban, samun ta cewa daban. A watan Oktoba na 2021 Paparoma Francis ya umarci bishop-bishop na duniya su zauna su saurari mabiyansu. Da aka tattara rahotanni, sai aka ga kuka ɗaya yana ta fitowa daga nahiyoyi dabam-dabam: mata ne suka fi cika majami'u, amma ba safai a kan tuntuɓe su ba in za a yanke shawara.

Wannan kuka bai faɗi ƙasa banza ba. A babban taron bishop-bishop da aka yi a birnin Rum a 2023, mata 54 suka kaɗa ƙuri'a, abin da ba a taɓa yi ba. A Janairun 2025 kuma, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, Francis ya naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun fadar Vatican, mace ta farko a irin wannan muƙami.

Duk da haka akwai ƙofar da ba a buɗe ba. Tun a 1994 Paparoma John Paul na Biyu ya bayyana cewa Ikilisiya ba ta da ikon naɗa mace fada. Batun naɗa mata dikin, watau matakin da ke ƙasa da na fada, shi ya fi raba kan mahalarta taron 2024, har suka bar shi a buɗe. Masu goyon baya suna cewa ai matan sun daɗe suna yin aikin, suna kawai ya rage. Masu ƙi kuwa suna cewa naɗi ba ladan aiki ba ne, gado ne daga manzanni da babu mai ikon sāke shi.

Ko yaya muhawarar ta ƙare, mutumin ƙauyen Amazon da aka yi wa haihuwa yau ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.