Gidan Dodonmu Na Sallah: Mu Sa Masa Kuɗin Shiga Ko Mu Bar Shi Wasa?

 Yau ba zan dame ku da maganar katin zaɓe ko kuɗin ƙaramar hukuma ba, na san wasunku sun gaji da ni a kan wannan. Yau maganar dodo ce, da maganar babur ɗin wani abokina.

Waɗanda muke unguwa ɗaya a nan Mashi sun san abin da nake nufi. Ga sauran, bari in ɗan koma baya. Akwai kangon gidan kakanmu, tun da tsohuwa ta rasu ba mai kwana a ciki. Zaure ɗaya, ɗakuna 3, sai tsakar gida. Shekara 3 da suka wuce, muna zaune da abokai bayan an gama tashe, wani ya nuna mana bidiyo a waya: Turawa sun bi layi, sun biya kuɗi, don kawai a shigar da su gida mai duhu a razana su. Muka yi ta dariya. Kafin Sallah ta zo, dariyar ta zama aiki. Muka rufe tagogi da tsofaffin buhuna, muka naɗe fitilun caji da jan leda, muka yi fuskoki da ƙwarya da kwali, wani mahauci ya ba mu ƙoƙon kan sa da ƙahonsa. Sai ƙaramar sifika a ɓoye cikin randa tana kukan kura. Yara su shiga biyar-biyar, su fito a guje suna ihu, su koma su sake bin layi. Kyauta. Wanda ya ga dama ya jefa naira 50 a kwano.

To a Ƙaramar Sallar da ta wuce, ƙanwata ta zauna a bakin zaure tana jan layi a takarda duk wanda ya shiga. Kwana 3, mutum 340. Daga nan magana ta canza.

Abokina, wanda shi ne babban dodonmu, kuma wallahi ya iya, ɗan acaɓa ne. Ya same ni da dare ya ce, “Abokina, muna zaune a kan kuɗi muna wasa. A gyara wurin nan, mutum 1,000 za su zo, kowa naira 500. Dubu 500 ke nan a Sallah ɗaya, miliyan a shekara.” Na ce ina jarin? Ya ce an taya babur ɗinsa naira dubu 650.

Gabana ya faɗi. Ni ne nake yawo ina ce wa matasa kada su jira aikin gwamnati, su ƙirƙiro nasu. Ga wani ya ɗauki maganata da gaske, zai sayar da abin da yake ciyar da mahaifiyarsa da shi. In na ce kada ya yi, na zama mai baki biyu. In na ce ya yi abin ya lalace, da wane ido zan kalli Inna? Sai na ce ya ba ni mako guda, in zauna da biro da takarda.

Abu na farko da na duba shi ne su masu abin, yaya suke yi? A Amurka sana'a ce sosai, tana tafiya da bikinsu na Halowin, ranar 31 ga Oktoba. Kamfanin Disney ya buɗe nasa gidan fatalwa a Kalifoniya tun 1969, kuma har yau yana aiki. Amma ku lura, na Disney yana cikin katafaren wurin wasa ne da mutane ke zuwa shekara gaba ɗaya don wasu abubuwan. Ƙananan masu wannan sana'a kuwa, kakarsu makonni ne kafin Halowin, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. A cikin makonnin nan za su fitar da kuɗin haya da na ma'aikata da na ajiyar kaya na shekara.

Su suna da makonni. Mu fa? Kwana 3 a Ƙaramar Sallah, kwana 3 a Babba. Kwana 6 a shekara. Kuma ko a kwanakin nan ba mu kaɗai ba ne a fili. Mashi tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, duk saurayin da ya samu ɗan barka da Sallah mai kauri, mota zai hau ya tafi kallon hawa, ko Katsina ko Hawan Magajiya a Daura. Waɗanda ke zama a gari su ne waɗanda aljihunsu bai kai ba. Su ne kwastomominmu.

Sai na lissafa ƙofar da kanta. Mutum 5 ke shiga a tashi ɗaya, fiye da haka tsoron ya lalace, na baya ya ga abin da ya firgita na gaba. Kowane rukuni minti 6, har da komawar dodanni maɓoyarsu. Rukuni 10 a awa, mutum 50. Muna buɗewa bayan la'asar zuwa magariba, sannan bayan isha'i zuwa wajen ƙarfe 10, a ce awa 4. Mutum 200 a rana, in babu wanda ya tsaya shan ruwa. A Sallah ɗaya 600. Kun ga mutum 1,000 ɗin nan, ko sun zo, ƙofar ba za ta haɗiye su ba.

Farashi kuma, naira 500 ga yaron da barka da Sallarsa gaba ɗaya ba ta wuce dubu ba? Zai gwammace ya sha ƙanƙara ya hau lilo. Na sa 300. Kuma mutum 340 ɗin nan sun zo ne lokacin da ake shiga kyauta, har da masu shiga sau uku. In na ce 300 za su biya a kowace Sallah, na yi wa kanmu kara. Mutum 600 a shekara sau naira 300, naira dubu 180.

Yanzu ga inda na ajiye biro na yi shiru. Mu 10 ne ke aikin: dodanni 8, masu tsaron ƙofa 2. Shekara 3 ba wanda ya taɓa tambayar ko sisi, saboda wasa ne, kuma in an tashi mu sayi shayi da burodi da kuɗin kwano. Amma ranar da aka kafa tebur ana yankan tikiti, wa zai shiga cikin buhu a zafin watan Maris ko Afrilu, a ɗakin da aka toshe tagoginsa, ya yi awa 4 yana gurnani, yana kallon wani yana zuba kuɗi a aljihu? Kowa sai an sallame shi, kuma hakkinsa ne. A ce naira 3,000 a rana. Mutum 10, kwana 6: naira dubu 180.

Daidai wa daida. Ladan ma'aikata kaɗai ya cinye komai. Ban taɓa man janareta ba, kuma kun san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yadda lita ta koma. Ban taɓa 'yan sintiri ba, ban taɓa rajistar sunan kasuwanci a CAC ba. Ban taɓa kangon ba, wanda magini ya duba ya ce yaɓe da canza azarar da gara ta ci da fasa ƙofa ta biyu za su ci kusan dubu 400. Kuma gidan na gado ne. Yau ba wanda ya ce mana komai, amma in aka ji ana samun kuɗi a ciki, magadan da ban taɓa gani ba sai sun zo gaisuwa.

Ƙofa ta biyun nan, bari in tsaya a kanta, don ita ce ta hana ni barci. A watan Mayun 1984, gobara ta tashi a wani gidan ban tsoro a wurin wasa na Six Flags a Amurka, matasa 8 suka mutu a ciki. Wuri ne mai duhu, mai lunguna, an yi shi da gangan don mutum ya rasa hanya. Na karanta labarin na tuna namu: buhuna, kwali, leda, busasshiyar azara, ƙofa ɗaya tal ta zaure, ga yara masu yawo da ashana da abin fashewa na Sallah. Shekara 3 Allah ne kawai ya tsare. Ko kasuwanci ko ba kasuwanci, wannan kam ba za mu sake buɗewa haka ba.

Bara ma wata yarinya ta fito a guje ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, goshinta ya fashe. Muka kai ta kemis, naira 4,500. Na je ba mahaifinta haƙuri, ya ce, “Ba komai ɗana, ai wasan yara ne.” Na tabbata da ya biya kuɗin shiga, ba wannan maganar zai yi ba.

Na kuma je wajen Kawu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, kuma almajiri ne mai karatu. Na durƙusa na zayyana masa. Ya ce, “Kai yaro, ka san akwai hadisin da ya hana Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa?” Na ce na sani Kawu, amma waɗannan da ƙafarsu suke zuwa, sun san wasa ne. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya kafa sharuɗɗa. Ba a shigar da yaron da bai kai shekara 10 ba. Ba a ambaton aljanu, ba a wasa da likkafani ko makara. Lokacin mata daban, na maza daban. In an kira sallah a rufe. Ban ga abin musu a ciki ba. Amma a takardata, sharaɗin farko kaɗai ya kwashe kusan rabin layin, don ƙananan yara su ne suka fi cika shi.

To shin tsoro ba ya ciyar da kowa ke nan a ƙasar Hausa? Yana ciyarwa, amma ku duba yadda masu shi ke yi. Gardawa masu wasa da kura da maciji ba sa zama wuri ɗaya su jira Sallah, kasuwa-kasuwa suke bi. Kuma ba kallon kurar suke sayarwa ba. Kura ta tara jama'a, sannan a buɗe jakar magani da layu. Rijiyar Kusugu a Daura kuwa, labarin maciji ne ya sa ta shahara, macijin da aka ce ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya kashe shi. Amma rijiya ba ta biyan dodanni lada, tana nan rani da damina, kuma kowane ɗan firamare ya san labarinta kafin ya je. Mu ba mu da tafiyar gardawa, ba mu da tarihin Kusugu.

Ina cikin wannan tunani sai ƙanwata, mai jan layin nan, ta leƙo takardar ta yi dariya. Ta ce, “Yaya, ni fa na ci riba.” Ashe duk kwana ukun nan, kular zoɓo da farantin awara na gefenta. Duk wanda ya fito a guje maƙogwaronsa ya bushe. Ribarta naira dubu 22, bayan ta cire kuɗin sukari da ƙanƙara. Mu goma mun sha zafi a cikin buhu, ita kaɗai ce ta koma gida da kuɗi. Mu ne kurar, ita ce mai jakar magani.

Da mako ya cika na kira abokina. Ban fara da gidan dodo ba, na fara da babur. Na ce nawa kake tashi da shi a rana bayan mai? Ya ce kamar 4,000. Na ce a kwana 25, dubu 100 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, ka fi shi. A shekara miliyan 1 da dubu 200. Wato ko da mafarkinka na miliyan ɗaya ya tabbata, kuma ba ka biya kowa ko kwabo ba, babur ɗin ya fi shi.

Bai ji daɗi ba. Ya ce ni ɗan boko ne, komai sai na kashe shi da lissafi, kuma babur yana tsufa, bayansa yana ciwo, shi ba zai mutu a kan acaɓa ba. Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni, don gaskiya ce. Ba kuɗi kaɗai yake nema ba. A cikin buhun nan ne kaɗai mutane ke tafa masa.

Ga abin da muka tsaya a kai, ko in ce abin da na roƙe shi ya yarda da shi. Babur yana nan. Mu 6 kowa zai kawo dubu 10, dubu 60 ke nan. Dubu 35 a fasa ƙofar baya, sauran a sayi bokitan yashi da baƙin yadi a maimakon wasu buhunan, a yi cajin fitilu. Ba janareta. A Babbar Sallah tikiti naira 200, da sharuɗɗan Kawu. Masu zoɓo da awara da gyaɗa da ke son zama a bakin zaure, kowa naira 1,000 a rana, har da ƙanwata, ta yi ta ƙunƙuni. Komai a rubuce a littafi ɗaya, kowa ya gani, abin da ya ragu bayan an cire jari a raba wa waɗanda suka yi aiki. Sai mutum 300 sun biya kafin tikiti ya dawo da jarin, kuma da an cire ƙananan yara, ina shakkar za mu kai. In mun faɗi, kowa ya yi asarar abin da bai wuce dubu 10 ba, kuma kangon ya samu ƙofa ta biyu.

Abokina har yanzu bai kawo nasa dubu 10 ɗin ba. Amma jiya da yamma na hango shi a bakin mahauta yana cinikin wani ƙaho, babur ɗin na jingine a gefensa. Bayan Sallah in Allah Ya kai mu zan zo da littafin in karanta muku abin da ke ciki, ko riba ko faɗuwa.