Bado Da 'Ya'yansa

Yau za mu yi magana a kan bado. Mun san waɗansu za su ce, me za a koya wa mutumin Ngaski game da bado, ga shi nan cike da fadama? Gaskiya ne, kowa ya gan shi. Amma da muka tambayi 'yan aji ko bado iri nawa ne a ruwanmu, sai aka yi shiru. To, ku matso ku dubi wannan da muka ciro da safe.

Ku fara da ganye. Faffaɗa ne, kewayayye kamar faifai, da tsaga guda wadda ta kai har inda kara ya kama shi. Kullum kwance yake bisa ruwa. Ku shafa bakinsa. In kun ji haƙora kamar na zarto, wannan shi ne farin bado. Furensa fari ne, tsakiyarsa rawaya, yana buɗewa da dare, in hantsi ya yi sai ya rufe. Shi ya sa masunta sun fi manoma sanin kyansa. Akwai kuma na biyu, wanda bakin ganyensa sumul yake, furensa da ɗan shuɗi-shuɗi, shi kuwa da rana yake buɗewa. A cikin masu buɗewa da rana akwai wani mai abin mamaki: daidai cibiyar ganyensa wani ɗan tsiro yakan fito, in ganyen ya ruɓe sai ɗan ya kama laka ya zama sabon bado.

Bado ba ya mutuwa shekara-shekara kamar gero. A ƙarƙashin laka yana da tushe mai kauri kamar gwaza. In ruwa ya janye, ganye ya bushe, tushen nan yana nan da ransa, yana jira. Mu nan bakin Kwara ruwa sau biyu yake zo mana: farin ruwa da damina, sa'an nan baƙin ruwa da hunturu, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini. Da ruwa ya sake rufe lakar sai bado ya tofo.

Yanzu sai 'ya'ya, gama su ne muka fi so ku gane. Fure yakan yi 'yan kwanaki yana buɗewa yana rufewa, ƙwari suna shiga suna fita. Bayan haka karan sai ya lanƙwashe ya ja shi cikin ruwa. A can ƙarƙashin ruwa ɗan yake nuna, shi ya sa wanda bai sani ba sai ya ce bado ba ya 'ya'ya. Ga guda a hannunmu. Dunƙulalle ne kamar ƙaramin lemo. Bari mu yanka shi a tsakiya. Kun ga ɗakuna da yawa sun kewaye cibiya? Kowane ɗaki cike yake da ƙwayoyi, ba su kai ƙwayar gero ba, waɗansu ja-ja, waɗansu baƙi-baƙi. Ku murza ɗaya. Za ku ji santsi, don kowace ƙwaya tana cikin wata 'yar riga mai yauƙi wadda ke riƙe iska. In ɗan ya nuna ya fashe, rigar nan ce ke sa ƙwayoyi su taso bisa ruwa, iska ta kora su nesa. Rigar ta ruɓe, ƙwaya ta nutse, ta kwanta cikin laka.

Ƙwayoyin nan abinci ne. Ana shanya su, a sussuka, a dafa ko a niƙa. Tushen ma ana dafawa. Mutanen Masar suna yin gurasa da 'ya'yan bado tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a bakin kogin Sanagal kuwa mata suna dafa su kamar shinkafa. Mu dai mun mai da shi abin wasan yara, sai shekarar da hatsi ya yi wuya mu tuna da shi. Wannan sakaci ne, a ganinmu.

Me ya sa muka matsa a kan ganewa? Saboda baƙuwar da ta shigo mana. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwa da tsibirai, ruwa ya ci tsoffin fadamu ya yi sababbi. Bayan kamar shekara 20 sai ga wata irin ƙainuwa ta biyo Kwara daga arewa. Ba ƙainuwarmu ba ce da ake ce wa dashen Allah. Asalin wannan daga Amurka ta Kudu take. Ganyenta a tsaye yake, yana ƙyalli, gindin karansa ya kumbura kamar ɗan gora. Saiwarta ba ta kama ƙasa, reto take yi cikin ruwa. Furenta shuɗi ne mai kyau, da ɗigon rawaya a jiki. Kada kyan ya ruɗe ku. Cikin kamar mako 2 takan ninka kanta, ta toshe mashigin jirgi, ta yaga koma, ta hana rana shiga ruwa har bado ya rasa wurin shimfiɗa ganye.

In an zube ƙwayarta da ta bado a tafin hannu, da wuya ido ya raba su. Saboda haka ku dubi gidan da suka fito. Na bado babba ne, dunƙulalle, mai ɗakuna da yawa. Na baƙuwar ɗan siriri ne, ɗakunansa 3 kaɗai, ƙwayarsa kuma ba ta da rigar yauƙi. Irinta yakan zauna cikin laka har shekara 20 bai mutu ba. Don haka in za ku yi gayyar kwashe ta, ku yi tun ba ta yi fure ba, ku ja ta can tudu inda ruwa ba ya kai, ta bushe ku ƙone. Mai ganye kwance ku bar shi. In kuna ɗiban 'ya'yan bado kuma, ku rage waɗansu su fashe da kansu.

Saura gargaɗi guda. Ku juya ganyen nan. Kun ga 'yan katantanwa manne a bayansa? Irin waɗannan ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki har yaro ya riƙa fitsarin jini. Ku ɗebi bado daga cikin jirgi, kada ku tura yara su yi ta iyo cikinsa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da ganyen bado guda da ɗansa guda. Za mu yanka, mu ƙirga ɗakunan, kowa ya rubuta adadin a littafinsa, da sunan fadamar da ya ciro shi.