Motar Baba Tana Kan Duwatsu

Karatu: Haggai 1:1-15, Luka 14:28-30

  A shirinmu na yau zan fara da labarin wata tsohuwar mota, daga nan mu shiga Maganar Allah. Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, ka buɗe littafin Annabi Haggai sura ta fari, ka riƙe wurin.

Mahaifina direba ne. Shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Kafanchan da wata bas ƙirar Volkswagen, wadda aka fi sani da Kombi. Manya a cikinku sun san ta. A Jamus aka fara ƙera ta a shekarar 1950, aka ci gaba da yin ta har 2013, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a ƙasar Brazil. Ita ce mutanen Legas suka shafa wa ruwan ɗorawa suka kira ta danfo. Injinta a baya yake, kuma irin ta Baba ba ta da lagireta, iska ce ke sanyaya injin. Da wannan mota aka biya mana kuɗin makaranta. Da ita aka kai mu sujada, da ita kuma aka ɗauko amare da yawa a ƙauyenmu.

Da ƙarfin Baba ya ragu, motar ma ta gaji, sai aka tura ta bayan gida. Wata rana na ce masa, "Baba, ka bar mini ita. Zan gyara ta ta koma kamar sabuwa, in ɗauke ka mu je bikin Kirsimeti a ƙauye." Ya yi murmushi ya ce, "To, ɗana, Allah ya ba ka iko. Ina jira."

Na fara da zafi. Na sa jak na ɗaga ta, na ɗora ta kan duwatsu, na cire tayoyi da kujeru, na kwance kafireta na jera kayanta cikin wani tsohon kwano. Kowace Asabar ina can da sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu. Ba don kuɗi nake yi ba, abin sha'awa ne kawai, kuma yana hutar da ni daga gajiyar aiki.

Amma ga abin da ya faru. Wani aboki ya ba ni zomaye biyu, sai na ce bari in haɗa musu keji tukuna. Ban gama kejin ba, na ga maƙwabcina yana kiwon kifi, ni ma na haƙa rami. Na samo wata tsohuwar rediyo na buɗe cikinta zan gyara. Na sayi jita zan koya. Na share fili zan yi lambun tumatir. Duk cikinsu babu mugun abu ko ɗaya. Sai dai Asabar ɗaya ce a mako, ni kuwa na raba ta gida shida. Uwargidana ta ce, "Baban yara, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida." Na ce mata kada ta damu, lokacin motar yana zuwa.

Kirsimeti uku suka wuce. Duk sa'ad da na je gaishe da Baba sai ya tambaye ni, "Ina labarin tsohuwa?" In ce, "Ana nan ana kai, Baba." A shekara ta huɗu Ubangiji ya kira shi gida. Ranar da muka dawo daga jana'iza na zagaya bayan gida, na tarar da motar tana nan kan duwatsunta, kaji sun yi ƙwai a mazaunin direba. Na tsaya na yi kuka, domin alkawarin da na yi masa ba zai ƙara cikuwa ba har abada.

'Yan'uwa, yanzu mu duba Haggai. Mutanen Yahuza sun komo daga bauta a Babila wajen shekara 538 kafin haihuwar Almasihu. Sun komo da babban nufi, wato su sake gina Haikalin Ubangiji a Urushalima. Littafin Ezra ya nuna mana sun fara da murna, sun gina bagade, sun aza harsashi, aka yi ta busa ƙaho ana yabo. Sai maƙiya suka taso musu, aikin ya tsaya. Ya tsaya wajen shekara 16. A cikin waɗannan shekaru ba zaman banza suka yi ba. Kowa ya shiga gina gidansa, yana ƙawata shi da katako, yana noma gonarsa. In aka ta da zancen Haikali sai su ce lokacinsa bai yi ba tukuna. A shekara ta 2 ta sarautar Dariyus, wato 520 kafin haihuwar Almasihu, Allah ya aiko Haggai wurin Zarubabel mai mulki da Yoshuwa babban firist, ya tambaye su yadda aka yi lokacin gidajensu ya yi, na gidan Allah kuwa bai yi ba.

Akwai abubuwa uku da nake so mu koya.

Na fari, abin da yakan hana mu gama aiki mafi muhimmanci sau da yawa abu ne mai kyau. Gina gida ba zunubi ba ne, noma ma haka. Kiwon zomo da koyon jita ba zunubi ba ne, Allah kansa ya ba mu ranar hutu, yana kuma jin daɗi mu mori aikin hannunmu. Laifin mutanen Yahuza shi ne sun maida na farko ya zama na ƙarshe. Da Shaiɗan ya zo maka da sata ko maye, da ka gane shi nan da nan. Amma yakan zo da ƙananan hidimomi masu kyau guda goma, ya cika maka rana da su. Ka lura da sakamakon da annabin ya lissafta musu: shuka da yawa, girbi kaɗan, ci ba ƙoshi, albashi kuma yana zurarewa kamar an zuba shi a ɓulallen aljihu. Haka nawa ya kasance. Zomayen sun haƙa ƙasa sun gudu, ramin kifin ya tsotse, rediyon tana nan a kwance, jita kuwa ban wuce waƙa ɗaya ba.

Na biyu, aikin da aka bari ba ya tsayawa yadda aka bar shi. Bayan rasuwar Baba na kira wani tsohon makanike ya duba motar. Ya sa sifana zai juya injin, ya ƙi motsi. Ya ce, "Mai Bishara, zama ya fi tafiya kashe mota." Ya nuna mini yadda man da na bari a tanki ya lalace ya yi danƙo, tankin kuma ya yi tsatsa daga ciki. Fistin ya kama, robobin birki sun bushe sun tsattsage, ɓeraye sun ci wayoyi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ya soka sukundireba, ta wuce kamar a takarda. Gyaran da zai ci kaɗan tun farko, yanzu ya ninka.

Haka rayuwar ruhaniya take. Ɗan'uwan da ka ce za ka je ku shirya da shi, shekara nawa ke nan? Kana tsammani maganar tana nan yadda ka bar ta, alhali ɗacin yana ƙara cin zuciya. Addu'ar iyali da kuka fara da sabuwar shekara, ajin baftisma da ka bari a tsakiya, bashin da ka ce za ka biya in an yi girbi, tsohuwar mahaifiyarka da ke zuba ido a hanya. Kowace ranar da ka ce gobe, tsatsa tana aikinta. Mutanen kuma da kake sa su jira ba za su dawwama ba. Ni shaida ne.

Na uku, mafita ita ce ka zauna ka yi lissafi, ka zaɓa, sa'an nan ka tashi. A Luka 14 Yesu ya ba da misalin mutumin da ya aza harsashin hasumiya bai fara lissafta abin da za ta ci ba, ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a ga masu wucewa. Yesu yana magana ne a kan bin sa, cewa akwai abin da dole mutum ya saki. Sau biyu Haggai ya ce wa jama'a su tsaya su bincika hanyoyinsu, daga nan ya ba su aiki a fili: su hau tudu, su kawo katako, su yi gini. Maganar ta zo musu a rana ta 1 ga watan shida, a rana ta 24 ga wannan wata suka kama aiki. Ubangiji ya tabbatar musu yana tare da su, kuma a shekara ta 6 ta sarautar Dariyus aka gama Haikalin.

Ni ma lissafin na yi. Na ba yaron maƙwabta kejin zomo, na cike ramin kifi, na rataye jita. Makaniken ya tsara mini aikin bi da bi. Muka zuba mai ta ramukan fulogi, muka bar shi kwanaki ya jiƙa har injin ya saki. Muka wanke tanki, muka sake birki, muka aika kasuwar Ladipo a Legas aka nemo mana kayan da babu a nan. Ni na ƙosa a yi fenti, domin shi ne mutane za su gani. Tsohon ya ƙi. Ya ce sai mai walda ya yanke duk inda ya ruɓe ya sa sabon ƙarfe, domin in aka shafa fenti a kan tsatsa, damina ɗaya za ta tona asiri. Bayan wata tara ta tashi. Na ɗauki Mama da jikokinta muka je ƙauye. Mama ta zauna a baya, ta ce a bar kujerar gaba haka nan.

Mai sauraro, mota ba Haikali ba ce, kuma ba a kan gyaran mota Allah zai shari'anta mu ba. Amma akwai gyaran da ya fi kowane gaggawa, wato na zuciyarka. Wataƙila ka shafa mata fenti, kana zuwa sujada, kana cikin ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, amma ka san abin da ke ci daga ƙasa. Yesu bai bar aikin cetonmu a tsakiya ba, ya kai shi ƙarshe a kan gicciye, ya kuma tashi daga matattu. Manzo Bulus ya tabbatar wa Filibiyawa cewa Allah wanda ya soma aikin kirki a cikinsu zai kammala shi. Babu wanda ya lalace har ya fi ƙarfin hannunsa. Abin da yake nema shi ne ka yarda ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi yau.

Kafin ka kwanta a daren nan, ka ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da ka fara ka bari. Ka roƙi Allah ya nuna maka wanda ya fi muhimmanci a gabansa. Ka fara da shi gobe da safe, sauran su jira.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka gafarta mana domin mun sa namu a gaba mun bar naka a baya. Ka ba mu hikimar zaɓe da ƙarfin jimrewa. Ka ta da zukatanmu kamar yadda ka ta da na Zarubabel da jama'arsa, ka kuma kammala aikinka a cikinmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya bar mu da rai. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.