Sana'ar Sauraron Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya taɓa zuwa Argungu ranar su, ya tsaya nesa da Matan Fada, ya san ba ya iya tsince muryar mutum ɗaya cikin dubban masunta. Amma da zarar an ba da iznin faɗawa ruwa sai amon taron ya sāke, ya gane daga inda yake. To, haka mai sauraron ƙwaƙwalwa yake. Akan manna 'yan ƙarafa a fatar kai su ɗauko wutar lantarkin da ɗimbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa tare, wuta 'yar mitsitsiya wadda da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna ta. Wannan awo shi ake kira EEG. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara yin sa a kan ɗan Adam cikin 1924, ya kuma lura in mutum ya rufe ido wutar takan riƙa kaɗawa kamar sau 10 a daƙiƙa.

Wahalar ita ce, ƙifta ido ɗaya ko cije haƙori ya fi tunanin da ake nema ƙara. Sai an tace, kuma lissafin tacewar ya fi ƙarfin alƙalami. A nan sana'ar da nake magana ta tsiro, watau mutum ya zama mai binciken tunani kuma marubucin manhajar kwamfuta. Arnaud Delorme, Bafaranshe, da Scott Makeig sun yi haka a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, inda suka bayyana manhajar EEGLAB cikin 2004. Robert Oostenveld da abokansa a Holan suka yi FieldTrip, Alexandre Gramfort da nasa suka yi MNE-Python. Dukansu ba su sayar ba, ba su ɓoye ba: kowa na iya sauke manhajar, ya karanta cikinta layi-layi, in ya ga kuskure ya aika da gyara. A ganina MNE-Python ta fi dacewa da aljihun ɗalibi, domin sauran biyun a bisa MATLAB aka gina su, ita kuwa ta kuɗi ce.

Wani zai ce, mu da ba mu da na'urar fa? Gaskiya tana da tsada. Amma akwai rumbuna a intanet, irin su OpenNeuro da PhysioNet, cike da awon da aka riga aka ɗauka, kyauta. Ɗalibin lissafi ko na kimiyyar kwamfuta a nan Birnin Kebbi yana iya koyon tacewa da su tun kafin ya ga na'urar da idonsa.

Ina amfaninsa gare mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma EEG na cikin abin da likita ke dubawa. Manhajojin nan na bincike ne, ba su maye gurbin likita. Amma wanda ya ƙware da su ya zama hannun damansa.

Sa'an nan ga harshenmu, wanda shi ya fi jan hankalina. Cikin 1978 Risto Näätänen na ƙasar Finlan ya nuna cewa in ana maimaita sauti ɗaya, sai aka jefo wani dabam, ƙwaƙwalwa takan zabura cikin abin da bai kai rubu'in daƙiƙa ba, ko da mutum bai mai da hankali ba. To, garin da muke zaune ciki da garin tuwo, tsawon wasali kaɗai ya raba su. Yaushe ƙwaƙwalwar yaro Bakabe take fara jin bambancin? Yaya ta almajirin da ya fara da ajami daga dama, sa'an nan ya koma boko daga hagu? Mai tsara irin wannan gwaji sai ya ji Hausa a kunnensa, ya kuma iya Python. Rabi na farko duk muna da shi a ɗakin nan. Wanda ke son rabi na biyu ya same ni bayan an tashi, mu ga kwamfuta nawa za mu iya haɗawa.