Warkewa a Idon Wa?



Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2022 cewa kusan mutum 1 cikin 300 na fama da sikizofiriniya, cutar da kan sa mutum jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko zargin ana ƙulla masa sharri.

A asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da ke Kano, in ka tambayi uwa ko ɗanta ya samu sauƙi, sai ta ce alhamdulillahi, yana barci, ya daina surutai shi kaɗai. Shi kuwa ɗan, abin da yake kira warkewa daban ne: a mayar masa da makullin shagonsa a kasuwar Kwari, a bar shi ya ƙirga ciniki, a daina yin shiru in ya shigo zaure. Wani ma aure yake so, amma unguwa ta riga ta yanke masa hukunci.

Nan ake samun matsala. Da an ga ya natsu, sai a ce ai ya warke, a ajiye magani, bayan watanni ciwon ya dawo. Wani kuma da kansa yake jefar da ƙwayar, domin irinsu haloperidol kan sa rawar hannu da sandarewar jiki. Wannan abin gaya wa likita ne, ana iya sauyawa.

Ta fuskar doka kuwa, tun Janairun 2023 aka sa hannu a Najeriya kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Iyaye, a yi addu'a, a ci gaba da magani, a kuma tambayi mara lafiyar abin da yake so.